Tukunyar Yauri: A Shafa Mata Ruwan Gilas Ko A Bar Ta Da Makubarta?

Layin masu tukwane a kasuwannin ƙasar Yauri ya tsuke, wannan kam ba sai an kira shaida ba. A Yelwa, ko Wara ta Ngaski, ko Shanga, ko ƙananan kasuwannin bakin Tafkin Kainji da ake zuwa cinsu da jirgin ruwa, filin da randuna da tuluna da kasake suke cinyewa a da yanzu bokitin roba ne ya mamaye shi, da jarka, da kula, da tukunyar alminiyam. Magina suna nan ba su ƙare ba, amma yawancinsu sun manyanta, 'ya'yansu kuwa ba sa ɗokin gadon.

Mutum biyu za su dubi wannan hali, kowa ya kawo nasa maganin. Na farko zai ce sana'ar ce ta ƙi tafiya da zamani. A koya wa magina aiki da keken gini, a gina musu tanderu a bayan gida, su riƙa shafa wa kayansu ruwan gilas suna fitar da kofi da faranti da kwanon miya masu santsi irin na tangaran, sai kasuwa ta dawo. Na biyu zai ce a yi hattara, domin tukunyar ƙasa ba tangaran ce da ta kasa ƙarasawa ba. Wani abu ne daban mai aikinsa, kuma ranar da aka toshe mata jiki da gilas an raba ta da amfaninta. Duka biyun suna son magina su ci abinci. A kan hanya suka rabu.

Kafin a shiga gardamar, ya kamata a san abin da ake gardama a kansa. Santsi da ƙyallin da ke jikin kofin tangaran gilas ne na gaske, siriri, wanda wuta ta narkar ta manna shi a jikin yumɓu. Abu uku ake haɗawa. Akwai silika, sinadarin da ke cikin yashi da farin dutse, ita ce gilas ɗin kanta. Akwai ɗan yumɓu da zai riƙe ta kada ta tsiyaye. Sai na uku, abin da zai sa ta narke da wuri, don silika ita kaɗai ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1700, wanda ba tanderun magini da zai kai can. Ana niƙe su, a dama da ruwa, a tsoma kayan da aka riga aka gasa sau ɗaya, a sake mayar da su wuta. Wannan abu na uku shi ne tushen duk rigimar, za mu dawo kansa.

Ginin gargajiya bai san wannan ba, kuma ba jiya ya fara ba. Lokacin da ake gina madatsar Kainji, daga 1964 har ruwa ya taru a 1968 ya tashi sama da mutum 40,000 daga garuruwansu da tsibiransu, masu binciken kayan tarihi sun yi ta rige-rige da ruwa suna tono tuddan da za su nutse. A wani tudu kusa da Yelwa, A. J. Priddy ya tono tsingaro da kayan ƙarfe da ƙananan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu, waɗanda aka ƙiyasta shekarunsu tsakanin ƙarni na 2 da na 7 na Miladiyya. Ke nan an fi shekara 1300 ana gini ana gashi a bakin wannan kogi. Kowane ɓangare yana jan wannan tarihi zuwa gefensa. Wancan ya ce ai ka gani, shekara dubu ana abu ɗaya ba a matsa ba. Wannan ya ce abin da ya ciyar da mutane ya shayar da su shekara dubu bai cancanci a kira shi koma-baya ba.

Yadda ake aikin a tsakar gida ya isa a tsaya a kalla. Idan ruwa ya ja baya a fadama, sai a haƙo yumɓu, a shanya, a daka, a jiƙa, a haɗa shi da garin tsingaro ko yashi ko ɓuntun shinkafa, a tattake da ƙafa har ya yi danƙo. Magina da yawa tsohuwar tukunya suke kifewa, su barbaɗa mata toka, su shimfiɗa yumɓu a bayanta suna bubbugawa har gindin sabuwa ya fito. Idan ya sha iska sai a cire, a birkice shi, a riƙa ɗora igiyoyin yumɓu ana murzawa da yatsu har a kai wuya da baki. A inuwa ake barin ta ta bushe, don rana tana tsaga ɗanyar tukunya. Daga nan a shafa jar ƙasa, a goge da dutse mai santsi ko da tsarkiyar 'ya'yan kuka har ta ɗauki sheƙi. Ranar gashi a jera su a fili ko a ɗan rami, a rufe da itace da kara da ciyawa da busasshen kashin shanu, a cinna. Awa ɗaya ko biyu an gama, zafin kuma bai cika wuce digiri 600 zuwa 850 ba. Tukunyar girki tun tana jajur ake jawo ta da dogon sanda a yayyafa mata ruwan makuba, wanda aka dafa daga ɓawon ɗorawa. Za ka ji ta yi cuu, hayaƙi mai ɗaci ya tashi, jikinta ya koma baƙi-baƙi mai maiƙo. Wannan shi ne shafen gargajiya. Yana rage tsatsafo, ba ya toshewa gaba ɗaya.

To, masu son a koma tangaran suna da hujja, kuma ba ta wasa ba ce. Babbarta ita ce kasuwa. Shiga ɗakin amarya a Yelwa ko Birnin Yauri ka duba abin da aka jera a kabad. Faranti ne da kofuna da kwanukan tangaran, kusan duk daga Sin. Kakar amaryar da ƙwarya da tukwane aka yi mata jere, uwarta da langa da samira, ita kuwa ba wanda zai jera mata tulu. Kuɗin da iyaye ke kashewa a wannan jere ba kaɗan ba ne, kuma ko sisi ba ya shiga hannun maginiyar da ke unguwa ɗaya da su. Ita tana nan tana kwana da kwanaki a kan randa, a zo a taya ta da kuɗin da bai kai na mudun shinkafa biyu ba. Har yanzu cinikin tukunya na masu neman sauƙi ne. Mai saye za ta ɗaga, ta juya, ta ce, "Inna, anya wannan ta gasu?" A ce mata, "Ƙwanƙwasa ki ji, 'yar nan." Ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ta ji ƙara mai kyau, amma duk da haka ta raba kuɗin biyu. Muddin sana'a ba ta wuce wannan matsayi ba, in ji su, ba yarinyar da ta gama sakandare da za ta zauna koyonta.

Suna kuma kawo zancen tsabta da ƙarko. Jikin da ke shan ruwa yana shan mai da miya, ba ya wankuwa tas, alhali mai gilas da sabulu da soso an gama. Kayan da aka gasa sama-sama ba sa jure tafiya. Duk wanda ya taɓa ɗora tukwane a bayan a-kori-kura ko a cikin kwale-kwale ya san ba duka suke isa ba, asarar kuma a wuyan magini take. Wanda aka gasa a digiri 1250 kuwa ya zama dutse, ana iya kai shi Kwantagora ko Kaduna ko Abuja.

Hujjarsu da ta fi burge ni ita ce ta kayan haɗi. Kusan duk abin da ruwan gilas ke bukata yana kusa. Tokar ɓuntun shinkafa, mafi yawanta silika ce, kuma maginan Japan sun daɗe suna yin wani farin shafe mai kyau da ita. Jihar Kebbi kuwa ɓuntu har ya zama abin neman inda za a zubar, musamman tun da noman shinkafa ya bunƙasa bayan shirin ba manoma bashi da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015. Tokar itace tana narkar da silika idan wuta ta yi ƙarfi. Duwatsu masu sinadaran da ake bukata suna ƙasar Yauri, farar ƙasa kuma an san akwai ta a wajajen Kaoje. Me zai sa mai wannan arziki a ƙofar gida ya riƙa sayen kofi daga wata uwa duniya?

Sannan suna da sunan da suke kafa hujja da shi, wanda kowa ke ɗauke da hotonsa a aljihu: Ladi Kwali, wadda ke bayan takardar naira 20. Maginiyar gargajiya ce ta Gwari, da hannu take gini ba da keke ba. Baturen Ingila Michael Cardew, wanda gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauko a 1950 don ya duba harkar tukwane, ya ga aikinta a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau. Ya kafa cibiyar koyar da gini a Abuja ta da, wato Suleja ta yau, ita kuma ta shiga a 1954, mace ta farko. A can ta koyi keke da tanderu da ruwan gilas. An baje kayanta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984 sunanta ya zaga duniya. Idan 'yar ƙauyen Kwali ta yi, me zai hana 'yar Wara ko Shanga?

Wannan labari, a ganina, ya fi taimakon ɗaya ɓangaren, idan aka karanta shi har ƙarshe. Tulunan da suka ɗaukaka Ladi Kwali siffar tulun ruwa gare su, da zanen kada da kunama da ƙadangare, amma da aka gina su da yumɓun tangaran aka shafa musu gilas sai suka yi nauyin da ba macen da za ta ɗauka zuwa rafi, kuma suka daina sanyaya ruwa. Sun tashi daga kayan aiki sun koma kayan kallo. Masu sayensu Turawa ne da manyan ma'aikata da gidajen ajiye kayan tarihi. Cibiyar da kuɗin gwamnati take tafiya, ma'aikatanta albashi suke ɗauka, da kulawa ta yi rauni kuwa sai ta durƙushe. Shi kansa Cardew, wanda ya bar ta a 1965, bai taɓa ɓoye ra'ayinsa ba cewa tukunyar gargajiya ta dace da aikinta, ba ta bukatar gyaransa. Abin da ya zo yi wata sabuwar sana'a ce a gefe. Wuraren da ginin tangaran na hannu ya tsaya da ƙafafunsa a yau, irin su Bwari, a gindin babban birni suke, inda ake da masu biyan kuɗi mai kauri a kan kofi ɗaya don an yi shi da hannu. Irin waɗannan masu saye nawa ne ke bi ta Yelwa a mako?

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. A ƙauyuka gini akasari aikin mata ne, da shi suke sayen gishiri da sabulu da kayan ɗakin 'ya'ya. Amma da zarar an kawo keke da tanderu da takardar shaida, maza ke cika layi. A cibiyar Abuja ma maza aka fara ɗauka, sai daga baya Ladi ta shiga. Duk shirin da zai karɓi sana'a daga hannun gyatumar da ke yin ta ya miƙa wa wani, ba ita ya taimaka ba, ko da an yi bikin buɗe shi da sunanta.

Hujjar masu cewa a bari ta fi ƙarfi a kan randa da tulu. Ruwan randa yana sanyi ne saboda jikinta yana tsatsafo. Ruwa kaɗan yana ratsowa ta ƙananan kafofi, iska ta busar da shi, bushewar nan ta tafi da zafin abin da ke ciki. Shafa wa tulu ruwan gilas kamar sa wa mai jin zafi rigar leda ne. A ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40 a Maris da Afrilu, ga azumi a wasu shekarun yana faɗowa a tsakiyarsa, ga firji sai mai hali kuma sai da wuta, wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Jarkar roba da aka bari a tsakar gida da rana ruwan wanka take bayarwa, ba na sha ba. Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa, wanda shi ma ɗan gidan magina ne, a kan wannan tsatsafo ya gina dabararsa: ƙaramar tukunya a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen ƙyalle a sama, sai kayan miyan da ke ruɓewa cikin kwana 3 su kai mako biyu ko fiye. Da ita ya ci lambar yabo ta Rolex a 2000. Dabarar ta fi aiki a lokacin busasshiyar iska, da damina a bakin tafki ƙarfinta yana raguwa, amma abin lura shi ne duniya ta yaba wa tukunyar Arewa ne a kan ainihin abin da ake son a toshe.

Tukunyar girki ma haka. Garin tsingaron da aka cuɗa a yumɓu da gashin da bai yi tsanani ba su ke ba ta damar miƙewa da tsukewa a kan murhu ba tare da ta fashe ba. Ɗora kwanon tangaran a kan harshen wuta ka ga yadda zai tsage. Tandar masa, kaskon tuya, tukunyar dafa magani, kaskon turaren wuta, duk wuta suke fuskanta kai tsaye. Ba ɗaya daga cikinsu da gilas zai ƙara wa komai.

Zancen tsabta kuwa rabinsa gaskiya ne. Kwanon cin abinci mai gilas ya fi wankuwa, ba musu. Amma abin da ke ɓata ruwan randa yawanci ta baki yake shiga: hannu, da moɗar da aka ajiye a ƙasa aka sake tsomawa, da rashin murfi. Randar gilas mai faɗin baki za ta gurɓata daidai da ta ƙasa. Maganin wannan a tsuke bakin, a yi murfi, a sa ɗan famfo a gindi, kuma maginiya za ta iya yin duk wannan da yumɓunta na yau.

Sai lissafin wuta. Toka da ɓuntu da dutse kyauta ne ko kusa da kyauta, amma ba sa narkewa sai a digiri 1200 zuwa 1300. Kai wa can yana bukatar tanderun da aka gina da bulo mai jure zafi, da yumɓun da ba zai narke ya zube ba, wanda ba kowane na fadama ke iyawa ba, da wuta ba ƙaƙƙautawa yini guda har cikin dare. Da me za a hura ta? Itace a bakin Kainji yana da masu jiransa, masu bandar kifi da masu gawayi da matan gida, dajin kuma ba ƙaruwa yake ba. Gas sai mai jari. Tanderun lantarki yana son wuta mai ƙarfi ta awa takwas ko goma ba yankewa, kuma duk mazaunin yankin ya san cewa maƙwabtaka da madatsar da aka gina don ta ba da megawat 760 ba ta sa wuta ta zauna a gidansa ba. Bayan duk wannan, farantin da ya fito zai je kasuwa ya tarar da na masana'antar Sin, wanda ake bugawa dubu-dubu, a farashin da aikin hannu ba zai taɓa saukowa gare shi ba.

A nan ne haɗarin yake, kuma shi ya sa ban ɗauki wannan gardama a matsayin ta masu sha'awar ado kawai ba. Mutumin da aka kwaɗaita wa ƙyalli, aka nuna masa hoton kofi mai sheƙi, amma ba shi da halin kai wuta digiri 1250, zai nemi gajeriyar hanya. Gajeriyar hanyar kuwa tana nan, an san ta tun zamanin Rumawa: dalma. Ita ce abin nan na uku da ke narkar da silika a zafi kaɗan, kusan daidai da wanda gashin gargajiya ke kaiwa, ta ba da sheƙi mai ɗaukar ido. Ga ta da araha, don a cikin kowane mataccen batirin mota akwai ta, kuma a wasu ƙasashe daga nan magina ke samo ta. A Meziko, inda aka gaji irin wannan shafe tun zuwan Sifaniyawa, tukwanen gida masu dalma suna cikin manyan hanyoyin da gubar ke shiga jinin yara, hukumomi kuma sun shafe shekaru suna fama a kan a daina. Abu mai tsami shi ke jawo dalmar daga jikin kwano zuwa cikin abinci. Mu kuwa abincinmu kunun tsamiya ne, da zoɓo, da nono, da miyar tumatir, da lemon tsami.

Kafin ma a kai ga mai ci, mai yin ya riga ya sha. Garin da ake niƙawa yana sauka a daɓen tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki, hayaƙin gashi kuma yana bin unguwa. Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano abin da ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, irin su Dareta da Yargalma da Bagega: dutsen zinariya mai dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara sama da 400 suka rasu, dubbai suka rayu da gubar a jikinsu. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Neja. Ƙasar Yauri da Ngaski ita ma ƙasar haƙar zinariya ce, ba ta bukatar wata sabuwar ƙofar da dalma za ta bi ta shiga gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa, ɓarnar da take yi wa ƙwaƙwalwar yaro kuma ba ta gyaruwa.

Adalci ya sa a faɗi cewa akwai ruwan gilas mai narkewa a zafi kaɗan wanda ba dalma a cikinsa, da sinadarin boron ake haɗa shi, kuma shi ake ƙoƙarin sauya wa maginan Meziko. Sai dai daga waje ake sayo shi da dala, kuma maginiyar ƙauye ba ta da hanyar gane ko farin garin da ɗan kasuwa ya auna mata shi ne ko wani abu ne. Adalci ya kuma sa a faɗi cewa tukunyar alminiyam da ake zubawa da tarkacen ƙarafa ita ma ba ta tsira ba, don gwaje-gwaje a wasu ƙasashen Afirka sun samu dalma a irinta. Wannan ƙarin daraja ne ga tukunyar ƙasa da ba a shafa mata komai ba sai makuba, kuma abin mamaki ba wanda ke tallata ta da haka. Af, har da masu shafa wa tukwane fentin mai da na katako don su yi ƙyalli: a jikin asusu ko tukunyar fure ba laifi, amma kada ya kusanci abin ci ko sha.

Ina hukuncin ya faɗa ke nan? Masu son tangaran sun yi daidai a kan ciwon: sana'ar tana mutuwa, kuma yabon gargajiya da baki ba ya sayen hatsi. Wanda ke zaune a ofis yana shan ruwan firji ba shi da bakin ce wa maginiya ta dawwama a yadda kakarta ta bar ta don kada al'ada ta ɓace. Amma sun kuskure maganin. Gyaran da zai fi saurin sa kuɗi a hannunta ba ya bukatar gilas. Ƙaramin tanderu na bulon ƙasa, mai ramin wuta a ƙasa da buɗaɗɗen sama da ake rufewa da tsingaro, yana daidaita zafi, ya rage fashewa, ya rage cin itace, kuma magina da kansu za su iya gina shi. Kayan da ke da masu nema suna da yawa: randa mai famfo, tukunya-cikin-tukunya ga masu sayar da kayan miya, cikin murhun gawayi mai tsimi, tukwanen fure da birane ke saye, kaskon turare na kayan lefe. Akwai kuma matatar ruwa ta yumɓu, wadda aka ƙirƙiro a Gwatamala a 1981, ake cuɗa yumɓu da ɓuntu ko garin katako, wuta ta cinye ɓuntun ta bar ƙananan kafofin da ke tace ƙwayoyin cuta. Ga mutanen da da yawansu daga kogi da tafki suke ɗebo ruwan sha, wannan ya fi faranti mai sheƙi muhimmanci nesa ba kusa ba, ko da yake ita ma sai an bi ƙa'ida an gwada kafin a sayar.

Shi kuwa tangaran, ban ce a haramta wa Yauri shi ba. Matashi ko matashiyar da ke da sha'awa da hannu, a tura su su koya yadda ya kamata. Sashen da ke koyar da wannan fanni yana nan a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ga kuma masu yi a Bwari. Idan sun dawo, tanderu ɗaya mai ƙarfi a wuri ɗaya, a wajen gidajen kwana, wanda ƙungiyar magina za ta mallaka, matan da ke sana'ar tun asali su ne a gaba, ya ishi masarautar gaba ɗaya a farko. A yi kofi da faranti da kayan tsaraba, a baje su lokacin bikin Rigata da baƙi ke cika gari, a ga ko kasuwar za ta ɗauka kafin a gina na biyu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bi gida-gida ana raba garin shafe da horon mako ɗaya, a ɗauki hoto, a watse a bar mata da yara da abin da ba su san cikinsa ba.

Kira na ga Masarautar Yauri, da ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga, da hukumar HYPPADEC da aka kafa don raya yankunan madatsun ruwa, da duk wata ƙungiyar da za ta zo da shirin tallafa wa magina: kafin a sayi bulo ko ɗaya, a sa a rubuce cewa ba dalma, ba batir, kuma duk wani shafen da zai taɓa abinci sai an kai samfurinsa ɗakin gwaji. Ke kuma uwargida, idan kika ga kwanon ƙasa mai ƙyallin gilas a kasuwa, ki tambayi mai shi da me aka shafa shi da inda aka gasa shi. Idan amsar ba ta fito ba, kada ki zuba wa yaro kunu a ciki.